Darasi na Tara: Lambobin da ke Cikin Wayarku

Kowa ya ɗauko wayarsa ya duba. Lambar mutum nawa ce a ciki? Akwai ta yaya, ta suruka, ta mai gyaran babur. Akwai hotunan suna da na biki. A ƙasan akwati kuma, wataƙila uwargida na da littafin da ta rubuta gudummawar da aka kawo ranar auren 'yarta: wance turmin atamfa, wance naira dubu biyar. A idon doka, duk waɗannan bayanan mutane ne.

A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya. Dokar ta ɗora wa bankuna da asibitoci da makarantu da kamfanonin waya nauyi: kada su karɓi bayanin mutum sai da dalilin da doka ta amince da shi, su faɗa masa abin da za su yi da shi, su kuma tsare shi. Hukumar kare bayanan mutane ta ƙasa, wato NDPC, ce ke sa ido a kansu.

To, ku ma sai kun cika waɗannan ƙa'idoji kafin ku ajiye lambar kawu? A'a. Sashe na 3 ya ce dokar ba ruwanta da abin da mutum ya yi don kansa ko don harkar gidansa kaɗai. Haka ya dace, don in ba haka ba, har uwar da ta ɗauki hoton jaririnta sai ta zama abar tuhuma. Sai dai ku riƙe kalmar nan ta "kaɗai". Sashen ya kuma gindaya sharaɗi: kada abin ya keta sirrin wani, haƙƙin da sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa.

Ina iyakar gida? Ƙasashen Tarayyar Turai ma suna da irin wannan sassauci, kuma an sha zuwa kotu a kansa. Hukuncinsu bai hau kanmu ba, amma yana haska hanya. Wata mata a Suwidin, mai taimakawa a cocinsu, ta zauna a gida ta buɗe shafin intanet. Ta sa sunayen abokan aikinta da lambobin wasu, har ta ba da labarin cewa ɗaya ta ji ciwo a ƙafa. Ba ta yi da mugun nufi ba. A 2003 kotun Tarayyar ta ce abin da aka baza inda kowa zai gani ya tashi daga harkar gida. A 2014 aka zo da maganar wani mutum a ƙasar Cek, wanda aka yi ta fasa masa taga har ya kafa kyamara. Kyamarar tana ɗaukar ƙofarsa, tana kuma ɗaukar titi da ƙofar gidan da ke kallonsa. Kotu ta ce tun da ta leƙa hanyar jama'a, ba harkar gida ce zalla ba.

Mu dawo unguwa. Yayarku ta turo takardar sakamakon asibiti a zauren WhatsApp na 'yan gida, a taya ta da addu'a. Wannan magana ce ta cikin ɗaki. Ranar da ɗayanku ya tura takardar zauren unguwa, ko da niyyar neman taimako ce, ya fitar da ita waje, kuma ba zai fake da sashe na 3 ba.

Littafin bashin mai kanti ma ba na gida ba ne, ko da a ƙarƙashin matashi yake kwana, domin sana'a ce. Haka mai POS da ke ganin sunayen mutane da lambar asusunsu. Abin da ya fi yawa a yanzu shi ne, wanda ake bin bashi ya ƙi ɗaga waya, sai a liƙa hotonsa da lambarsa a Facebook a kira shi macuci. Ana bin sa kuɗin, gaskiya ne, amma wurin karɓarsu gaban mai unguwa ne ko kotu.

Aikin gida: ku rubuta bayanan mutane iri uku da ke hannunku. A gaban kowanne ku rubuta "na gida" ko "na sana'a". Mai kyamara a ƙofa ya duba inda take kallo kafin zama na gaba.