Kurakuran da aka fi yi wajen ceto da riƙon karnukan da aka yasar

Duk wanda ya daɗe yana tsintar karnukan da aka yasar, yana jinyarsu har ya sama musu gida, ya san irin kiran wayar nan. Sabon shiga ne, murya na rawa: ya ɗauko kare shekaranjiya, yau ga shi kwance ba ya ɗaga kai, ko ya tsere, ko ya ciji yaro. In ka bi diddigi, kusan kullum gaggawa ce. Tausayi ya kama mutum, yana so a yini ɗaya ya biya karen duk wahalar da ya sha. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tun daga bakin titi ake fara ɓata lamarin. Mutum ya hango kare da karyayyar ƙafa, sai ya nufe shi kai tsaye, ya sunkuya a kansa, ya miƙa hannu zai shafa. Kare mai jin ciwo ko ubangidansa yana iya cizo, balle baƙo. Tsuguna daga gefe, kada ka zuba masa ido, jefa ɗan abinci kusa da shi ka jira. In zai ɗauku, lulluɓa masa bargo ko tawul mai kauri a ka tukuna. Wanda kuwa ka ga yana tangaɗi, yawu na dalala, muƙamuƙi a sake, ko yana cizon duk abin da ya tarar, wannan ba aikinka ba ne, yana iya zama ciwon haukar kare, kira likitan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu kuma daga kare suka ɗauka, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. In an cije ka ko an yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, da agogo a hannu, sannan ka tafi asibiti a ranar. Karen a killace shi a sa masa ido kwana 10, amma kai kada ka zauna jiran kwanakin su cika kafin ka je a duba ka.

Ba kowane kare da ke yawo ne yasasshe ba. Tambayi mutanen wurin, ka sa hotonsa inda za a gani. Akwai ƙasashen da ake dasa wa kare 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambar da ake gano mai shi da ita, a Ingila ma doka ce tun 2016, don haka ka sa likita ya duba. In karya ce, leƙa cikinta. Nono a cike yana nufin akwai 'yan kwikwiyo a wani lungu kusa, in ka tafi da uwar ka kashe su.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai: shigar da sabon kare cikin na gida ba tare da killacewa ba. Kullum hujja ɗaya ce, "ai lafiyarsa ƙalau, yana ci yana wasa." Ni ma da wannan hujjar na taɓa sako wata matashiyar karya cikin tsakar gida, alhali ina riƙon wasu 'yan kwikwiyo da allura ɗaya kacal aka yi musu. Idonta garau, gashinta na sheƙi, kukan da take yi a ɗakin da na ware mata ya hana ni barci, sai na ce bari ta sha iska. Ba a yi mako ba na fito da safe na tarar da mafi ƙiriniya a cikin 'yan kwikwiyon tsaye a kan kwanon ruwa, kai a sunkuye, yana kallon ruwan ya kasa sha. Kafin yamma amai ya fara, washegari zawo mai jini, da wani ƙarni da hanci ba ya mantawa. Fabo ce, wato cutar hanjin karnuka da ake kira parvo da Turanci. Mun yi ta ƙarin ruwa dare da rana, wasu suka tashi, wasu na haƙa musu rami da hannuna. Ita kuwa karyar ɗan zawo ta yi na kwana biyu ta warware.

Ku fahimci wannan cuta, don ita ce ke cinye gidajen riƙo. A 1978 aka gano ta a karnuka, cikin ƙanƙanin lokaci ta game duniya. Ta kashi take yaɗuwa, kuma kare kan fara zubar da ƙwayar cutar kafin a ga alamar komai a jikinsa. Daga ɗauka zuwa bayyana yawanci kwana 3 zuwa 7 ne, wani lokaci ya kai 14. Tana cinye bangon hanji, tana karya garkuwar jiki, in ba a yi jinya ba mutuwa kan kai tara cikin goma a 'yan kwikwiyo. Abin da ya fi muni, tana zama a ƙasa watanni, a wuri mai inuwa da damshi har ta haura shekara. Takalminka ma ya isa ya kai ta ɗaki na gaba. Sabulu da yawancin magungunan goge ƙasa masu ƙamshi ba sa taɓa ta. Bilic, ruwan nan na wanke farin kaya, shi ke kashe ta: awo ɗaya a ruwa awo 30, bayan ka kwashe ƙazantar ka wanke wurin, ka bar shi jiƙe minti 10. Wannan a siminti ke nan. Turɓaya ba ta wankuwa.

To ga yadda nake yi tun daga lokacin, ko za a ce na cika tsanani. Sabon kare mako biyu cif a ɗakinsa, kwanonsa daban, tsintsiyarsa daban, takalmin da nake shiga da shi yana nan a bakin ƙofar ba ya zuwa ko'ina. Na gida nake fara ba abinci, baƙon a ƙarshe, sai na wanke hannu. Ya yi kuka ya gaji. Kuma ku daina cewa "an yi masa allura" don an yi guda ɗaya. Kariyar da kwikwiyo ya sha a nonon uwa tana iya hana rigakafin farko kamawa, shi ya sa ake farawa a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 2 zuwa 4, har ta ƙarshe ta faɗo a mako 16 ko bayansa. Kafin nan ƙafarsa ba ta taka inda baƙin karnuka ke kashi. Ta haukar kare kuwa daga wata uku ake yi.

Sai cika kwano. Ka ɗauko kare haƙarƙari a waje, ƙashin ƙugu kamar zai huda fata, zuciyarka ta ce a ba shi ya ci ya ƙoshi. Garin neman ƙiba a samo rama. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya ƙarar da ajiyarsa ta wasu sinadarai, musamman fosfarus da fotasiyam. Abinci mai yawa na shiga, insulin ya tashi, ya kwashe ɗan abin da ya rage a jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki. Cikin kwanaki kaɗan sai kasala, farfaɗiya, bugun zuciya ya rikice, kare ya mutu da cikakken ciki. Likitoci sun ga irin haka a fursunonin da aka sako a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ni kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamaci girmansa nake farawa da shi, a raba sau huɗu zuwa shida a yini, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako ya zagayo. Zai dube ka da idon roƙo, ka daure. Madarar shanu zawo take sa su. Jaririn kwikwiyo da jikinsa ya yi sanyi kuwa ɗumama shi ake fara yi, ba a ɗura masa komai sai ya yi ɗumi.

Masu zama likitan kansu, ku ji tsoron Allah. Ibuprofen na huda cikin kare ya lalata ƙoda, paracetamol in ya wuce kima hanta yake ci. Albasa, tafarnuwa, inabi da cakulan duk guba ne a gare shi. Baƙin mai da ake shafa wa mai ƙazuwa ba magani ba ne, lashewa yake ya shiga cikinsa, haka ma maganin ƙwarin gona da ake wanke shi da shi don kaska da ƙuma. Ƙazuwar ma iri-iri ce, akwai mai kama mutum, sai an kankari fata an duba ake sanin wacce ce. Dafaffen ƙashi tsagewa yake ya soki hanji.

Kwanakin farko a gida, ku ƙyale dabba ta huta mana. Kuskure ne ranar da aka kawo kare a yi masa wanka, a kira maƙwabta, yara su rungume shi a ɗauki hoto. Kare bai san an cece shi ba. Abin da ya sani, wasu baƙi sun kama shi sun sa a mota. Ba shi lungu, ruwa da shimfiɗa, ka riƙa zuwa a lokaci ɗaya kullum. Masu wannan aiki kan ce kwana uku na tsoro, mako uku na koyon gida, wata uku kafin ya saki jiki. Ba doka ba ce, amma ta kusa da abin da nake gani. A kwanakin farkon nan ne aka fi tserewa, ta ƙofar da aka bari a buɗe ko ta abin wuyan da ya yi sako-sako. In ya tsere kada ka bi shi da gudu, ƙara wuta zai yi. Kuma kada ka doke shi don ya yi gurnani. Ruwa ba ya tsami banza. Gurnani gargaɗi ne, in ka hana shi gargaɗi, ran da ya ƙosa cizo zai yi ba sallama. Ƙaramin yaro da sabon kare ba a barinsu su kaɗai, ko na minti ɗaya.

Na biyun da ya ci min tuwo a ƙwarya shi ne miƙa kare ga duk wanda ya fara cewa yana so. Riƙo akwai gajiya, kuɗin magani ya cinye ka, sai ga mutum mai fara'a da daɗin baki, ka ji kamar an sauke maka kaya. Haka na ba wani mutum wata 'yar karya mai sanyin hali, tana da wata huɗu ko biyar, ban je gidansa ba, ban tambaye shi komai ba. Bayan watanni na bi ta unguwar na ce bari in leƙa. Na same ta ɗaure da sarƙar da ba ta kai taku biyu ba, a rana, kwano a kife. Abin wuyan da na sa mata tana ƙarama shi ne a wuyanta. Ta girma, ba wanda ya sassauta, ya nutse cikin nama, ƙuda na bi. Da ta gan ni ta kaɗa jela. Mutumin ko a jikinsa, wai ai gadi ya ɗauko ta yi, ta ƙi yin haushi. Sai da likita ya sa mata maganin barci aka yanke abin. Yatsu biyu ya kamata su shige tsakanin abin wuya da fata, a kwikwiyo kuma duk mako ake dubawa.

Tun daga nan ba na ba da kare a waya, ba na ba da shi a bakin hanya. Sai na je gidan da ƙafata, na ga katanga, na ga inda zai kwana, na ga inuwa. Ina tambaya: ka taɓa riƙe kare, ina yake yanzu, me ya kashe shi? Amsar wannan ta fi komai faɗa min gaskiya. Gidan haya ne, mai gidan ya yarda? Matar gida ta yarda, ko ita za a bar wa wahalar ba a shawarce ta ba? Wa zai kula da shi in ka yi tafiya? Wanda ya ji haushin tambayoyin nan ya hutar da ni. Wasu abokan aikina na ganin na cika bincike, suna cewa da haka karnuka za su tsufa a hannuna. Wataƙila. Ni dai na fi son haka da in sake ganin irin wancan wuyan. Ina ba da gwajin mako biyu, kuma ina faɗa da babbar murya cewa duk ranar da aka gaji, ko bayan shekaru ne, a dawo min da shi, ba faɗa ba gori. Mutumin da yake jin kunyar dawowa da kare, kan titi zai sake shi.

Ɓoye aibi kuma cin amana ne. In yana bin kaji, faɗa. In ya taɓa cizo, faɗa, da yadda aka yi. In yana fitsari a ɗaki ko yana kuka in an bar shi shi kaɗai, faɗa. Wanda ya karɓa da saninsa zai yi haƙuri. Wanda aka rufe shi, ranar da ya gano ba kai za ka sha duka ba, karen ne zai sha.

Kada ka yarda da "zan kai ta a cire mahaifar daga baya." Karya kan fara neman barbara tun tana wata shida, sau biyu a shekara, ciki kwana 63 ne. Kafin ka waiwaya an kawo maka kwali cike da jikoki. A yi aikin tana hannunka, namiji ma a fiɗiye shi, in kuma shekaru ba su kai ba ka sa rana da likita, kai da kanka ka je ka ɗauko.

Sauran ƙanana ne amma suna dawowa kullum. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas, a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Ba a ba da kare kyautar ba-zata ga wanda bai nema ba. Maganin tsutsar ciki tun mako biyu ake fara ba kwikwiyo, ba sai ciki ya kumbura ba. Kada ka karɓi kare na gaba in ba ka da ɗakin killace shi, komai roƙon da za a yi maka, don gidan da ya cika ya tumbatsa shi ma sai an zo an cece shi. Ranar miƙawa kuma, haɗa wa sabon mai shi takardar allurai da kwanan watan kowacce, tsumman da karen ya saba kwana a kai, da abincin da ya saba ci na 'yan kwanaki. A riƙa cakuɗa shi da sabon har mako guda, in ba haka ba zawo zai fara a daren farko, su kira ka suna cewa ka ba su mara lafiya.