Kurakuran da masu gyaran tsohuwar motar soja M35A2 suka fi yi

Cikin manyan motocin da sojojin Amurka suka sallama aka yi gwanjonsu, M35A2 na sahun gaba wajen shiga hannun masu sha'awar gyara a gida. Kamfanin REO ne ya fara ƙera dangin wannan mota a 1950, daga baya AM General ya ci gaba. Tayoyi goma gare ta, an yi ta ne don ɗaukar tan biyu da rabi a jeji, kuma ko babu kaya nauyinta ya kusa tan shida. Babu kwamfuta a jikinta, sifana da haƙuri sun isa yawancin aikin. Wannan sauƙin ne yake ruɗar mutane, har su ɗauke ta kamar ƙaramar motar da aka ƙara wa girma.

Babban kuskure shi ne farawa da inji. Mutum ya sayo mota, ta tashi, ya ji rurinta, sai ya hau titi. A ganina, kada taya ta juya kafin a gama da birki. Birkin yawancin waɗannan motoci layi ɗaya ne: mai ne ke matse shi, iska na taimaka masa, kuma duk ƙafafun shida daga wuri ɗaya suke shan man. Idan tiyo ɗaya ya fashe, ko robar silinda ɗaya ta saki, birkin gaba ɗaya ya tafi, sai dai na hannu, wanda ba a yi shi don tsayar da tan shida a guje ba. Motar da ta yi shekaru a ajiye kuwa, robobinta sun bushe ko da ido bai gani ba. A cire kowace ƙafa a duba, a sauya tiyoyin roba duka, a bi bututan ƙarfe a nemi tsatsa. Ma'ajiyar man birkin tana ƙarƙashin daɓen wurin direba, shi ya sa ake mantawa da ita. A riƙa buɗewa ana dubawa kafin kowace fita.

Sai kuma man birkin da ake zubawa. Sojoji sun yi amfani da DOT 5, na silikon, wanda sabonsa ruwan shunayya ne. Ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4 na ƙananan motoci. Akwai tarko a nan: DOT 5.1, duk da kamar suna, dangin 3 da 4 ne. Idan ba a san abin da mai motar na baya ya zuba ba, a ɗiga kaɗan cikin ruwa. Na silikon zai taso sama ya ware, ɗayan kuma zai narke. In an tarar da gauraye, sai an wanke layin duka an sauya robobi. A kuma riƙa buɗe tankunan iska bayan aiki don ruwan da ya taru ya fita, in ba haka ba shi zai cinye na'urar da ke taimakon birkin ta ciki. Ƙarar da ke damun kunne idan an tayar da mota tana cewa iska ba ta kai ba. Waɗansu sukan cire wayarta don su huta, alhali jira kawai take buƙata.

Wutar motar bolt 24 ce, daga batir biyu masu bolt 12 da aka jera. Mai son saka rediyo ko cajar waya yakan ja wuta daga batir ɗaya, sai cajinsu ya bambanta, ɗaya ya yi ta ramewa ɗaya yana dahuwa, ƙarshe a rasa duka biyun. Ƙaramar na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 ta fi batir arha. Kuma kafin a zargi kik, wato na'urar tayar da inji, ko a sayi sabo, a goge kawunan batir da wayar da ke jikin bodi.

Injinta, LDT-465, ya yi suna da cewa yana shan kowane irin mai, kuma wannan sunan ya jawo masa wahala. Gaskiya ne yana aiki da dizal da kananzir da man jirgi, har da fetur idan an matsu. Amma fetur ba shi da santsin da famfon nozul, mai tura mai cikin inji, yake buƙata, baƙin mai da aka juye daga wata mota kuma, in ba a tace shi sosai ba, yana toshe filta. Mota ta riƙa shaƙewa a hawa ko ta ƙi tashi, sai ka ga mutum ya nufi famfon nozul da sifana. A fara daga baya tukuna: akwai ƙaramin famfon lantarki a cikin tanki, wanda ya kamata a ji ƙararsa da an kunna wuta, sannan filtoci uku, sannan a fitar da iskar da ta shiga layi. Yawanci a nan maganar take ƙarewa.

Abin da ya fi haɗari shi ne baƙin mai ya riƙa ƙaruwa da kansa. Ba albarka ba ce, dizal ne ke zurara ciki, sau da yawa ta na'urar da ke daidaita yawan mai gwargwadon kaurinsa a jikin famfon nozul, ko ta robobinsa. A shinshina sandar awo. In ana jin dizal, a kashe mota har sai an gano kafar, domin man da ya tsinke yana cinye metal, wato gammon ƙarfen da sandunan inji ke juyawa a kai.

Littafin soja na direba, TM 9-2320-361-10, ya ce a fara juya inji da igiyar kashewa a jawe, don a tabbata ruwa ko mai bai cika silinda ba. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su lanƙwasa sandar fistin. Haka kuma bayan doguwar tafiya a bar injin ya yi minti biyar yana aiki a tsaye kafin a kashe, saboda turbo ya huce.

Wajen taya, notocin ɓangaren hagu baibai suke kwancewa, galibi da harafin L a jikinsu. Wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton tsatsa ce, har ya karya. Rim ɗin kuma mai zobe ne, irin wanda tsofaffin masu faci suke girmamawa: in zoben bai zauna daidai ba, iska na iya cillo shi da ƙarfin da zai kashe mutum. A sace iskar duka kafin a taɓa shi, a hura iska cikin keji ko a ɗaure da sarƙa, a tsaya daga nesa da dogon tiyo. Wanda ba shi da waɗannan kaya ya kai wa masu gyaran tayar manyan motoci.