Yadda ake amfani da robar daidaita haƙora

1. Goge haƙora, ka ɗora robar (siririn murfi ne da likitan haƙori ke yi daidai da jerin haƙoranka) kan haƙoran gaba, ka danna da yatsu har zuwa turame. Kada ka cije ta don ta zauna, tsagewa take yi.

2. Ta wuni ta kwana a baki, awa 20 zuwa 22 kullum. In an gaza haka haƙoran ba sa matsawa, sabuwar robar da za ta maye gurbin wannan kuma ta ƙi shiga.

3. Cire ta kafin cin abinci, ka fara daga turame. Ruwa kaɗai ake sha da ita: shayi mai zafi lanƙwasa ta yake, goro kuwa ya rina ta.

4. Wanke ta da ruwan sanyi da buroshi mai laushi.

5. Canza ta da sabuwa bayan mako 1 zuwa 2, yadda likita ya tsara. Adana tsohuwar, ko da sabuwar za ta ɓata.