Murhun gas na falo a gidan haya na Ingila: dan Allah kar ku toshe masa iska

'Yan uwa sababbin zuwa, musamman ɗalibai da masu iyali da suka kama haya a tsofaffin gidajen nan masu jere a Manchester, Bradford, Coventry da makamantansu, da yawanku za ku tarar da murhun gas a jikin bangon falo, mai gawayin ƙarya a ciki. Yana da daɗi in sanyi ya kama, amma wuta ce, tana shaƙar iska kuma tana fitar da hayaƙi, in ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ta toshe to abin da zai cika ɗakin shi ne kabon monoksaid, wato iska mai guba, irin wanda muke jin labarin ya kashe iyali guda a gida saboda an kwana da janareto a cikin ɗaki. Ba ya wari ba a ganinsa. Warin gas da kuka sani daban ne, shi warin alamar yoyon gas ne, kuma da gangan ake zuba masa warin don a gane.

Ku fara sanin wane iri ne naku. Akwai wanda gabansa a buɗe yake, hayaƙinsa na hawa ta tsohon bututun hayaƙi ya fita ta saman rufi, iskar da yake ci kuma daga cikin falon yake ja. Akwai mai rufaffen gilashi wanda bututunsa ya huda bango ya fita waje kai tsaye, ta nan yake shaƙa ta nan yake fitarwa. Sai na ukun da ba shi da bututu kwata-kwata, shi dole sai da ramin iska a bango. Na farkon shi ya fi yawa a tsofaffin gidaje kuma shi ya fi ba da matsala.

To ga inda mutanenmu suke faɗawa. A ƙasan bangon falo, wani lokaci a bayan kujera, za ka ga wani ɗan murfin roba ko ƙarfe mai tsaga-tsaga, ka sa hannu ka ji iska mai sanyi na shigowa. Mutum ya zo daga Kano ko Damagaram a watan Satumba, Disamba ta yi, kuɗin gas na tashi, ga wani rami yana hura masa sanyi a ƙafa, me zai yi? Sai ya yanko kwali ya liƙe da salatif, ko ya cusa tsohuwar safa, har da tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Na shiga gidaje na ga haka da idona, kwalin Indomie a manne tsaf, murhu na ci a gefe yara na kwance a kafet. Wallahi ramin nan ba kuskuren magini ba ne, ta nan wutar ke samun iska, in ka rufe shi wutar ba ta ƙone gas ɗin sosai kuma bututun ya rasa ƙarfin jan hayaƙi sama, sai ya riƙa dawowa cikin ɗaki. Ku cire abin da kuka liƙa yau ɗin nan, in sanyin ya dame ku a matsar da kujera a ƙara bargo.

Bututun kansa ma yana toshewa. Akwai wasu tsuntsaye dangin hankaka da ke son yin sheƙa a cikinsa lokacin bazara, su cika shi da ƙirare, kai kuma ba ka kunna murhun ba tun Afrilu sai Oktoba. Tsohon bulo da siminti ma na zubowa ciki, in kun ga ƙasa-ƙasa ko ƙirare sun faɗo kan gawayin to kar a kunna. Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne fankar kicin mai zuƙe hayaƙin girki, da ta banɗaki, in an rufe gida ruf ana suya fanka na aiki, tana iya jawo hayaƙin murhun ya juyo baya. Masu mai gilashi kuma ku zagaya waje ku duba bakin bututun, kar a jingina masa kwandon shara ko keke, kar ciyayi ko dusar ƙanƙara su rufe shi, kuma in gilashin ya tsage ko ya saki an daina amfani da shi ke nan sai an gyara.

Alamun da za ku sa wa ido: baƙin tabo ko ruwan ƙasa a bango saman murhun ko jikin gilashi, tagogi suna gumi fiye da yadda aka saba in an kunna shi, ƙaramar wutar nan ta failot, wadda ke kunna babbar wutar, tana yawan mutuwa. Batun launin wuta sai a yi hankali, irin mai farin bulo a ciki shuɗiya ya kamata ta zama, in ta koma rawaya tana lilo akwai matsala, amma masu gawayin ado an ƙera su ne da ɗan rawaya, a nan canji za ku duba da kuma baƙin toka a kan gawayin. Gawayin nan kowanne da wurin zamansa, kar yara su jujjuya shi, kuma Hajiya dan Allah kar a barbaɗa turaren wuta a kai, ba kasko ba ne. In murhun yana kashe kansa bayan 'yan mintuna kar ku yi ta danna shi da ƙarfin tsiya, da yawansu suna da na'urar da ke yanke gas in iskar ɗaki ta ragu, aikinta take yi.

Jikinku ma zai gaya muku. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, numfashi sama-sama, kamar mura amma babu zazzaɓi. Mu kuma da mun ji haka sai mu ce maleriyar da muka taho da ita ce ta motsa ko canjin yanayi ne, a sha Panadol a ƙara kwanciya kusa da wutar. Ku lura, in duk gidan ne ke ciwon kai lokaci guda, in ka fita makaranta ko masallaci ka ji sauƙi ka dawo ya dawo, to a kashe murhu, a buɗe tagogi da ƙofa, kowa ya fita waje, a kira layin gaggawa na gas 0800 111 999 (na Ireland ta Arewa daban ne). Wanda ya galabaita ko ya suma a kira masa 999, layin motar asibiti, in da sauƙi a kira 111, layin shawarar lafiya, kuma ku faɗa musu kai tsaye cewa kabon monoksaid kuke zargi don su san gwajin da za su yi.

Gyara ba naku ba ne, ba kuma na wani ɗan uwa "mai hannu" ba. A dokar ƙasar nan sai injiniya mai rajista da Gas Safe Register, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajista mai suna CORGI a 2009, ke aikin gas. Yana da kati mai hoto, a bayan katin an jera irin kayan da aka yarda ya taɓa, ku duba ko murhun falo na ciki don wani injiniyan tukunyar ruwan zafi kawai ya iya. In ya zo za ku ga ya kunna wani ɗan ƙwayar hayaƙi a cikin murhun ya fita waje yana kallon rufi ya ga ko duk ya fita ta inda ya dace, sannan ya rufe tagogi ya kunna fankoki ya sake gwadawa. In ya liƙa takardar gargaɗi ya ce kar a kunna, kar a kunna.

Mai gidan da ya ba ku haya wajibi ne ya sa a duba kayan gas ɗinsa duk wata 12, ya ba sabon ɗan haya kwafin takardar kafin ya tare, ita ake kira CP12, wanda yake ciki kuma a ba shi cikin kwana 28 da dubawa. Tun 1 ga Oktoba 2022 a Ingila dole ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da ke da irin wannan murhun, ba ita ce ta hayaƙin gobara da ke silin ba. Ku danna maɓallin gwaji, ku duba ranar ƙarewarta a baya. Na san kunya tana hana mu, mutum na tsoron kar a ce ya fiye ƙorafi a ƙi sabunta masa haya, amma ku rubuta wa mai gidan saƙo a rubuce ku ajiye, in ya yi shiru ku kai maganar sashen gidaje na kansul, wato ƙaramar hukumar unguwarku. Kafin nan ku sayi taku ƙararrawar a babban kanti, a ajiye ta tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhun.

Sai maganar baƙi. Ɗan uwa ya sauka bai samu ɗaki ba, a shimfiɗa masa katifa a falo a bar masa wuta saboda tausayi, wannan kar a yi. Murhun da gabansa a buɗe yake ba a kwana da shi a kunne, kuma in mai gida ne ya mayar da falon ɗakin kwana ya ba ka haya, akwai ƙa'ida ta musamman kan irin murhun da aka yarda ya zauna a ɗakin barci, ka tambayi injiniyan ko naka ya cika ta kafin ka sake kunnawa.