Kurakuran Masu Sayen Faifan Finafinan Dabbobi Masu Cin Mutane

Bayan Jaws, fim ɗin ƙaton kifi mai cin mutane, ya fito a 1975, ƙananan kamfanonin fim a Amurka suka yi ca kan dabba mai kisa: Grizzly a 1976, Piranha a 1978, Alligator a 1980. Kuɗin da aka zuba musu kaɗan ne, shi ya sa sau da yawa labarin yadda aka haɗa su ya fi fim ɗin kansa daɗi. Labarin nan kuwa yana cikin ƙarin abubuwan da ake sawa a faifai, kuma a nan mutane ke tafka kuskure.

Babban kuskure shi ne sayen faifai ba tare da duba shiyya ba. An raba Blu-ray gida uku: A ta Amurka, B ta Turai da Afirka, sai C. Faifan kamfanin Scream Factory na Amurka yawanci A ne, sai ka saka shi a na'urarka ta B ya ƙi tashi. Ga kuma tarkon da ba a lura da shi: faifan 4K galibi ba shi da wannan kulle, amma hirarraki da shirin bayan fage sukan zauna a Blu-ray ɗin da ke tare da shi, wanda ke kulle. Ka duba harafin a bayan kwali, ka nemi bugun Ingila irin na kamfanin Arrow, ko ka sayi na'urar da ke karɓar kowace shiyya. Faifan bakin titi mai finafinai ashirin a ɗaya kuwa, kada ma ka sa rai da wani ƙari a cikinsa.

Wasu kuma kallon farko sai su kunna sharhin darakta. Yana fara magana zai tona wanda kada zai haɗiye. Ka bar sharhin sai kallo na biyu.

Sai masu yi wa dabbar roba dariya su kashe. Ka leƙa bayan fage tukuna. Kifin inji na Jaws ya riƙa lalacewa a ruwan teku, dole daraktan fim ɗin, Spielberg, ya rage nuna shi, tsoron ya ƙaru. Joe Dante ma, daraktan Piranha, da ɗan kuɗin furodusa Roger Corman, ya ɓoye raunin kifayensa da saurin yanka hoto.

Kada tsawon "bugun talabijin" ya ruɗe ka. An rage jini ne, aka cike gurbin da surutun da darakta ya riga ya zubar. Ka fara da bugun silima.