Yadda za ka riƙe gidanka alhali dattawa na kiranka yaron zamani

A gidajen Hausawa da yawa na Makka, Jidda da Madina, wanda aka haifa tsakanin 1986 da 1995 shi ne yau ke biyan haya, shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mahaifiyarsa asibiti. Duk da haka, idan dattawa suka zauna sai a ji suna cewa yaran zamani ba su da juriya, ba su san darajar kuɗi ba, waya ta ɗauke musu hankali. Shi kuma a ransa ya ɗauke su mutanen da, waɗanda ba su lura da yadda ƙasar ta sauya ba. Kowane ɓangare ya yi wa ɗaya kuɗin goro, yaran gidan kuwa suna ji suna gani.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka bar gardama a kan sunan da aka laƙaba maka, ka nemi abin da ya jawo shi. Ka sami mahaifinka shi kaɗai, bayan sallar isha'i ko lokacin da hankalinsa ke kwance, ka ce: "Baba, me ka gani a gidana da bai yi maka daɗi ba?" Sau da yawa amsar ƙarama ce kuma tana da magani: jikansa ya shigo bai durƙusa ya gaishe shi ba, ko an yi mako biyu ba a leƙo shi ba, ko ya yi wa yarinya magana da Hausa ta mayar masa da Larabci. Waɗannan ana iya gyara su, amma babu mai iya gyara kalmar "yaran zamani".

Bayan haka ka buɗe masa lissafinka, domin zargin almubazzaranci yakan samo asali ne daga rashin sanin abin da rayuwa ke ci yanzu. Mai zama da igama, wato takardar izinin zaman baƙo a Saudiyya, yana biyan kuɗin iyali da aka fara karɓa a watan Yulin 2017 a kan riyal 100 ga kowane mutum a wata, wanda ya kai riyal 400 tun 2020. Ke nan mai mata ɗaya da 'ya'ya uku yana fitar da riyal 1,600 kowane wata kafin ya sayi shinkafa. Harajin kayan masarufi da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya koma kashi 15 a 2020. Rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina, wanda aka soma a ƙarshen 2021, ya warwatsa dangin da a da suke ƙofa da ƙofa, har kakar da ke riƙe jariri idan uwa ta fita yanzu sai an shiga mota kafin a je wurinta. Ka faɗi waɗannan cikin ladabi, ba da nufin ka nuna ka fi shi shan wahala ba, domin wanda ya ciyar da kai da gumin hidimar alhazai shi ma ya ga nasa.

Akwai inda dattawan ke da gaskiya, kuma a ganina amincewa da hakan yana cikin alamomin girma. Hausa tana guduwa daga bakin yaranmu. Makaranta Larabci, titi Larabci, waya Larabci da Turanci. Idan ba ku ware mata lokaci ba, ba za ta zauna ba. Ku mayar da lokacin cin abinci na Hausa zalla, ku sa yaro ya riƙa aika wa danginsa na Kano ko Damagaram saƙon murya ta WhatsApp, kuma kada a yi masa dariya idan harshensa ya karkace. Game da waya kuwa, uban da ke son ɗansa ya ajiye tasa sai ya fara ajiye tasa wayar.

Shawarar gida tsakanin miji da mata take ƙarewa. Tun watan Yunin 2018 mata ke tuƙa mota a Saudiyya, kuma da yawa sun shiga aiki. Idan kun yanke cewa uwargida za ta yi aiki ko ta koyi tuƙi, ku sanar da iyaye kafin su ji a bakin maƙwabta. Miji ya yi wa nasa iyayen bayani, mata ta yi wa nata, kada a bar suruka ta tsaya kare kanta a gaban uwar mijinta. Ku saurari shawararsu har ƙarshe, ku ɗauki abin da zai yiwu, abin da ba zai yiwu ba ku faɗi dalili sau ɗaya cikin taushin murya. Aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf ta siffanta wanda ya kai shekara arba'in da mai godiya kan ni'imar da aka yi masa shi da iyayensa, mai roƙon a gyara masa zuriyarsa. Ɗan shekara talatin da wani abu yana kan hanyar zuwa wurin ne, kuma nauyin iyaye da na 'ya'ya duka a wuyansa suke.

Ka kuma lura da bakinka a kan naka 'ya'yan. Yaran da suka yi karatu ta manhajar Madrasati a lokacin annobar korona a 2020, mu da kanmu muka miƙa musu wayar. Idan ɗanka ya yi laifi, ka ambaci laifin da ya yi a ranar, ka faɗa masa abin da kake so ya yi gobe, ka bar tsararsa a gefe.