Kurakuran da muke yi in fargaba ta taso mana

'Yan uwana na Nima da Mamobi da Sabon Zango a birnin Accra, akwai ciwon da muke ɓoyewa kamar abin kunya: gaba na faɗuwa ba gaira ba dalili, zuciya na bugawa fat fat, tafin hannu na gumi, dare ya raba amma tunanin kuɗin hayar shekara biyu da mai gida ke nema ya hana ka runtsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da wannan matsalar, kenan ba kai kaɗai ba ne.

Babban kuskuren, wanda ya fi damuna, shi ne gudu. Abin ya taso maka a trotro, motar haya, cikin cunkoson mahaɗar Circle, ka ji kamar numfashinka zai ɗauke, ka sauka da sauri ka ji sauƙi, to daga ranar ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa saukar ce ta cece ka, gobe ka ƙi shiga trotro, jibi kasuwa, a hankali har sahun Juma'a sai ka tsaya can baya kusa da ƙofa. Ita wannan fargabar mai zuwa farat ɗaya yawanci cikin minti 10 take kai ƙarshen ƙarfinta ta fara sauka da kanta ko ka gudu ko ba ka gudu ba. Ka zauna. Kar ka riƙa zuƙar iska da sauri, wannan ke kawo jiri da tsikarin yatsu. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Wurin da ka ƙaurace ma kuma ka koma masa kaɗan kaɗan, yau tasha ɗaya, wani satin tasha biyu.

Sai ataya. Na san daɗin zaman majalisa, amma kofi uku na shayin bayan isha'i ga goro ga lemon ƙara kuzari, sinadarin kafin da ke cikinsu kusan awa 5 yake yi kafin rabinsa ya bar jiki, kuma shi da kansa yana sa bugun zuciya. Ka mayar da shi na safe. Tramol kuwa da wasu samarinmu ke sha wai don kwantar da hankali, wallahi in ya sake ka fargabar ninkuwa take.

Iyaye, don Allah a daina ce wa yaro rashin tawakkali ne ko aljanu, sai ya ƙara rufe bakinsa. A yi addu'a, a yi zikiri, a kuma je asibiti a auna jini, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo irin wannan bugun zuciyar. In abin ya ɗauki watanni yana hana aiki da barci a nemi ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, tun dokar 2012 ake ƙoƙarin kawo su asibitocin unguwa, ba lallai sai an kai asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ba. Ciwon ƙirji mai tsanani da ke sauka hannu ko muƙamuƙi kuwa ba na ƙirga numfashi ba ne, a kira 112 ko a garzaya asibiti nan take.